Haɗarin Mota Sakamakon Tuƙi Cikin Maye: Alhakin Direba da Hanyoyin Neman Diyya

Gabatarwa

Haɗarin mota yana daga cikin manyan abubuwan da ke salwantar da rayuka da dukiya a ƙasar nan. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, sun nuna cewa mutum 5,081 ne suka rasu a kan hanyoyin Nijeriya a shekarar 2023, a shekarar 2024 kuma adadin ya kai 5,421. Daga cikin dalilan da hukumar take lissafawa akwai gudun wuce kima, da lalacewar birki ko fashewar taya, da gajiya, da kuma tuƙi cikin maye.

An tanadi wannan bayani ne domin mazauna karkara, da masu unguwanni, da dagatai, da hakimai, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda galibi su ne ake fara kai wa kuka idan irin wannan musiba ta auku. Sau da yawa magidanci yakan rasu ko ya naƙasa, a yi jana'iza ko a sallame shi daga asibiti, maganar ta mutu a nan, alhali doka ta tanadar wa iyalinsa haƙƙi. Sanin wannan haƙƙi da hanyar nemansa shi ne manufar wannan shafi.

Abin da doka take nufi da maye

Maye a idon doka bai tsaya ga giya ko burkutu ba. Ya haɗa da duk abin da zai gusar da hankalin direba ko ya raunana ikonsa a kan abin hawa, kamar tabar wiwi, da ƙwayar tiramadol, da maganin tari mai kodin, da sholisho. Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018. Direban da ya sha ƙwaya domin ya kore barci a doguwar tafiya, ƙwayar kuma ta rinjaye shi, hukuncinsa ɗaya ne da na wanda ya sha barasa.

An kafa hukumar FRSC a shekarar 1988, an kuma sabunta dokarta a 2007. Wannan doka ta sanya iyakar barasa a jinin direba a kan rabin giram a kowace lita. Wanda ya wuce wannan iyaka, ko ya sha abin da ya hana shi sarrafa mota yadda ya kamata, ya aikata laifi ko da bai buge kowa ba. Dokar ta 2007 ta tanadi tarar Naira 5,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Ga wanda ya jawo mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci kuwa, ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara bakwai. Hukuncin ya shafi direban mota da na tirela da na tifa, da mai a-daidaita-sahu, da ɗan acaɓa.

Dokar Final Kot ta 1959, wadda jihohin Arewa suka gada, wasu kuma suka yi wa kwaskwarima, ba ta ɗauki maye a matsayin uzuri ba. Wanda ya bugu da son ransa ana ƙaddara cewa ya san abin da mai hankali zai sani. Uzurin da ta amince da shi kawai shi ne a ce an ɗura wa mutum abin mayen ba da saninsa ba ko bisa tilas. Haka kuma ta sanya jawo mutuwa ta hanyar ganganci ko sakaci a cikin laifin kisan kai wanda hukuncinsa bai kai na kisa ba.

Hukunta laifi daban, biyan diyya daban

Wajibi ne jama'a su fahimci cewa haɗari ɗaya yana haifar da shari'a iri biyu. Ta farko ita ce shari'ar laifi, wadda hukuma take gurfanar da direba domin a hukunta shi. Tarar da aka ci shi a nan asusun gwamnati take shiga, ba aljihun wanda aka raunata ba. Ta biyu ita ce ƙarar neman diyya, wadda wanda aka cutar ko magadansa suke shigarwa da kansu. Ɗaure direba ba ya kankare masa bashin diyya, haka kuma sallamarsa a shari'ar laifi ba ta rufe ƙofar ƙarar diyya kai tsaye, domin ma'aunin hujja a wurare biyun ya bambanta. A shari'ar laifi sai an tabbatar da laifin ba tare da wata tantama ba. A ƙarar sakaci kuwa rinjayen hujja ya wadatar.

Duk da haka akwai inda hanyoyin biyu suke haɗuwa. Sashe na 78 na Final Kot ta 1959 ya ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cutar, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da takwarorinta na jihohi su ma sun tanadi haka. Saboda haka yana da kyau iyalai su miƙa wa mai gabatar da ƙara rasit ɗin asibiti da sauran takardu, su roƙe shi ya nemi kotu ta haɗa da umarnin biyan diyya. Bugu da ƙari, Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da hukuncin da ya sami direba da laifi a matsayin hujja a ƙarar diyya.

Waɗanda alhaki yake kansu

Na farko shi ne direban. Duk mai tuƙi yana da nauyin kiyaye sauran masu amfani da hanya. Abin da mai ƙara zai tabbatar shi ne cewa direban ya yi sakaci da wannan nauyi, kuma sakacin ne ya jawo raunin ko asarar. Maye hujja ce mai ƙarfi, amma ba lallai sai an tabbatar da shi kafin a ci nasara ba. Idan an nuna cewa motar ta bar hannunta ta hau kan masu tafiya a gefen titi, wannan ma ya isa ya ɗora wa direba nauyin kare kansa.

Na biyu shi ne ubangidan direba. Doka tana ɗora wa mai mota ko kamfani alhakin ɓarnar da direbansa ya yi a lokacin da yake bakin aikin da aka ɗauke shi dominsa. Ba ya kuɓuta don kawai ya ce ya hana yaronsa shaye-shaye. Amma idan direban ya saci jiki da motar ya tafi sha'aninsa na ƙashin kansa, ubangidan yana iya kare kansa da wannan. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa direba ba shi da abin biya, mai motar ne yake da hali. Don haka akan haɗa sunayensu duka biyu a takardar ƙara. Wanda ya miƙa makullin motarsa ga mutumin da ya san a buge yake shi ma ya jawo wa kansa tuhumar sakaci.

Na uku shi ne kamfanin inshorar da motar take da rajista da shi, kamar yadda bayani zai zo.

Ya kamata a lura cewa sakacin wanda aka raunata yana rage masa diyya, ko da yake ba ya soke ta. Misali, idan kotu ta ƙiyasta asarar mutum a kan Naira miliyan 2, ta kuma ga cewa kashi ɗaya cikin huɗu na laifin nasa ne, to Naira miliyan 1 da dubu 500 za ta ba shi. Fasinjan da ya ga direba yana tangaɗi kuma ya shiga motarsa, da wanda ya hau saman kaya a bayan tirela, suna iya fuskantar irin wannan ragi.

Diyya a shari'ar Musulunci

Daga shekarar 2000, farawa da Jihar Zamfara, jihohi 12 na Arewa sun faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a kan Musulmi, bisa mazhabar Malikiyya. A ƙarƙashin wannan tsari shan giya laifi ne mai zaman kansa, haddinsa bulala 80. Malaman mazhabar sun tafi a kan cewa wanda ya bugu da haram ana kama shi da ɓarnar da ya yi wa rai ko jiki ko dukiya. A taronta na ƙasar Burunai a 1993, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar cewa haɗurran mota suna ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya, galibinsu a babin kuskure, kuma direba yana lamunce abin da ya ɓata sai in abin ya faru ne ta dalilin da ya fi ƙarfinsa.

Asalin hukuncin kisan kuskure yana cikin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinare 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Da yake dinare ɗaya ana ƙiyasta shi da giram 4.25, diyyar ta kama kilo huɗu da kwata na zinariya, ƙimarta a Naira kuma tana hawa da sauka tare da farashin zinariya. A mazhabar Malikiyya diyyar ran mace rabin ta namiji ce. Dangin mai laifi ta wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ne suke ɗaukar diyyar kuskure idan ta kai sulusi ko ta haura, ana kuma biyan cikakkiyarta cikin shekara uku. Abin da bai kai sulusi ba daga dukiyar mai laifin yake fita. Ban da diyya akwai kaffara a kansa, wato azumin wata biyu a jere, kuma yafewar magada ba ta sauke masa ita.

Gaɓoɓi ma suna da nasu ƙiyasi, kamar yadda ya zo a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu irin su Risala ta Ibn Abi Zaid. Rasa idanu biyu, ko hannuwa biyu, ko ƙafafu biyu, ko gushewar hankali, kowanne cikakkiyar diyya ce. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabi ne. Yatsa ɗaya raƙuma 10, haƙori ɗaya raƙuma 5. Raunin da ya huda ciki ko ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya ne. Raunin da ba a yanke masa adadi ba alƙali ne yake ƙiyasta shi bayan ya warke. Diyyar rai ana raba ta ne kamar gado, matar mamaci da 'ya'yansa mata duk suna da rabonsu.

Diyya a kotunan gama-gari

Wanda ya zaɓi Babbar Kotun Jiha ko kotun gunduma, ko kuma shari'arsa ta haɗa da kamfani ko wanda ba Musulmi ba, zai nemi diyya iri biyu. Ta farko ita ce asarar da ake iya lissafawa: kuɗin asibiti da magani, kuɗin mota zuwa jinya, gyaran babur ko amalanke, dabbobin da suka mutu, amfanin gonar da ya lalace, da abin da mutum ya rasa na sana'arsa a kwanakin da yake kwance. Irin wannan sai an jera ta dalla-dalla a takardar ƙara an kuma kawo hujjar kowace, shi ya sa ajiye rasit yake da muhimmanci. Ta biyu ita ce wadda alƙali yake ƙiyastawa da kansa: raɗaɗin ciwo, naƙasa, rasa gaɓa, da raguwar ikon neman abinci nan gaba.

Idan rai ya salwanta, Dokar Haɗurran da Suka Jawo Mutuwa ta Jihar Arewa ta 1956, wadda jihohi suka gada, ta ba iyalan mamaci damar yin ƙara a kan abin da suka rasa na ɗawainiyar da yake yi musu. Mai kula da dukiyar mamaci ne yake shigar da ƙarar a madadinsu, idan babu shi kuma su shigar da kansu. Kotu takan duba shekarun mamacin, da abin da yake samu, da yawan waɗanda suke ci a ƙarƙashinsa. Manomi ko makiyayi da ba shi da takardar albashi ana iya tabbatar da samunsa ta bakin shaidu da suka san gonarsa ko garkensa.

Ma'aikacin da haɗarin ya rutsa da shi a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, yana da wata ƙofar a ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa.

Matsayin inshora

Doka ta wajabta wa kowane abin hawa mai inji inshorar kare mutum na uku, wato wanda motar ta cutar. Wannan wajibci ya samo asali ne daga dokar 1945, yanzu kuma yana cikin Dokar Gyaran Harkar Inshora da aka sanya wa hannu a shekarar 2025. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora na motar gida Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai, ba ta shafi diyyar rauni ko ta rai ba. Rundunar 'yan sanda ta fara tilasta mallakar wannan inshora a faɗin ƙasa daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025.

Inshorar mutum na uku ba ta gyara motar direban da ya yi laifi, ba ta kuma biyan jinyarsa. An yi ta ne domin wanda aka buge. Babbar matsalar da ake fuskanta ita ce takardun bogi da ake saya a bakin ofisoshin lasin. Ana iya tantance sahihancin takarda ta hanyar sanya lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID. Wanda zai nemi diyya ya sanar da kamfanin a rubuce tun da wuri, ya kuma sake sanar da shi da zarar ya shigar da ƙara, domin rashin sanarwa yana ba kamfani hanyar zamewa. Idan kamfani ya ƙi biya ko ya yi ta jan ƙafa, ana kai kuka ga hukumar NAICOM. Idan kuma motar ba ta da inshora, alhakin yana nan a kan direba da mai motar.

Matakan da za a ɗauka idan haɗari ya auku

1. A fara da ceton rai. A kira lambar FRSC ta 122 ko lambar gaggawa ta 112. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

2. A rubuta lambar motar, da launinta, da sunan kamfani ko tashar da ta taso. A ɗauki hoton wurin da waya kafin a janye motocin.

3. A sanar da 'yan sanda nan take, a kuma gaya musu idan an ji warin giya ko an ga kwalabe ko ƙwayoyi a motar, domin a gwada numfashin direban ko jininsa. Barasa tana barin jini cikin sa'o'i, jinkiri yana ɓatar da wannan hujja.

4. A rubuta sunayen waɗanda suka ga abin da idonsu da garuruwansu.

5. A karɓi rahoton 'yan sanda da zanen wurin haɗari, da rahoton jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, da rahoton likita. Idan an yi rasuwa a karɓi takardar shaidar mutuwa. Gaggauta jana'iza ba ya hana a nemi likita ya rubuta dalilin rasuwar.

6. Wanda ya zaɓi ɗorin gida ya fara zuwa asibiti a ɗauki hoton ƙashin, domin kotu da kamfanin inshora da takardar likita suke aiki.

7. Kada a ɗauki doka a hannu. Dukan direba ko ƙona mota laifi ne babba, yana kuma lalata hujja da dukiyar da za a iya biyan diyya daga gare ta.

Wa'adin shigar da ƙara

Haƙƙin ƙara yana da wa'adi, idan ya wuce kotu ba za ta saurara ba komai ƙarfin hujja. Ƙarar mutuwa a ƙarƙashin dokar 1956 ana shigar da ita ne cikin shekara uku daga ranar rasuwa. Wa'adin ƙarar rauni ya danganta da dokar kowace jiha. Wanda ya fi kowanne gajarta shi ne na motocin gwamnati: Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata uku kacal, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a 1998 cewa kariyar ta haɗa da hukumomi, ba ɗaiɗaikun ma'aikata kaɗai ba. Ƙananan hukumomi da wasu ma'aikatu kuma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara. Ko da akwai hujjar cewa direban da ya bugu ya fita daga hurumin aikinsa, abin da ya fi aminci shi ne a shigar da ƙarar kafin wata ukun ya cika. Zaman jiran a gama shari'ar laifi ko a kammala sulhu ba ya tsayar da lissafin kwanaki.

Sulhu da nauyin da ke kan shugabanni

Sulhu alheri ne, kuma yawancin irin waɗannan matsaloli a gaban dagaci ko hakimi ko shugabannin ƙungiyar direbobi suke ƙarewa. Domin sulhun ya zama na adalci, ana jan hankalin shugabanni ga waɗannan abubuwa. Kada a matsa wa iyali su yafe a ranakun zaman makoki, lokacin da hankalinsu ba ya jikinsu. Yarda da ƙaddara ba ta hana karɓar haƙƙin da Allah Ya halatta. Baligi yana da ikon yafe rabonsa, amma ba shi da ikon yafe rabon marayu ƙanana, kuma ba a yanke magana ba tare da jin ta bakin matar mamaci ba. Kada a rufe maganar rauni kafin likita ya bayyana ko zai bar naƙasa. A rubuta yarjejeniyar, da adadin kuɗi da ranakun biya, shaidu su sa hannu, a karanta wa wanda bai iya karatu ba kafin ya dangwala. Mafi inganci shi ne a kai ta gaban kotu ta zama hukunci. A kuma sani cewa sulhu a kan diyya ba ya tsayar da tuhumar da hukuma take yi wa direba, wannan hurumin hukuma ne.

Shugabannin ƙananan hukumomi su tabbatar motocinsu suna da inshora mai inganci, direbobinsu suna da lasin, ana kuma rubuta fitar kowace mota da dawowarta. Shugabannin tasha su hana sayar da kayan maye a harabar tasha, su kuma hana lodi ga direban da aka ga alamar maye a tare da shi.

Inda za a nemi taimako

Mai ƙaramin ƙarfi yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa da ke babban birnin jiha. An kafa ta a 1976, dokarta ta 2011 kuma ta haɗa da ƙararrakin diyyar haɗari, ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar Naira 70,000 a wata a shekarar 2024. Haka nan ana iya tuntuɓar Ma'aikatar Shari'a ta jiha, da reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa, da rajistaran kotun shari'ar Musulunci na yanki. A tafi da dukkan takardun da aka ambata a sama, a kuma ajiye kwafinsu a gida.

Allah Ya kiyaye mu daga sharrin ƙarfe, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.